Ɗaci Iri Biyu: Na'omi da Yowab

Darasin wannan wata. A karanta Rut sura 1, da 2 Sama'ila 2:12 zuwa 3:39, tun ba a soma ba.

Akwai wata tambaya wadda ba safai a kan yi ta a gaban taro ba. Mai yinta ya kan jira sai an tashi sujada, jama'a sun watse, sa'an nan ya matso kusa da fasto ko wani dattijo, ya ce zuciyarsa tana ɗaci da Allah, ko ya fāɗi ne daga bangaskiya? Wannan tambaya ce za mu bincika a darasin nan.

Mu da mu ke zaune kudu da Kogin Kaduna muna da dalilin yinta. Da yawa cikin iyayenmu neman abinci ya kawo su nan. An buɗe masaƙa ta fari a Kakuri cikin 1957, waɗansu suka biyo baya, mutane suka yi ta zuwa daga Zonkwa da Kagoro da Kwoi, daga Filato da Binuwai. Waɗansunmu kuwa gudu ne ya kawo su. Ran Litinin 21 ga Fabrairu 2000 gardama a kan shari'ar Musulunci ta zama faɗa cikin garin nan, faɗan ya sāke tashi cikin watan Mayu. Hukumar bincike da gwamnatin jiha ta kafa ta ƙidaya mutum 1,295 da suka mutu, waɗansu masu bincike kuwa sun ce sun kai 2,000 ko fiye, Krista da Musulmi duka. Cikin Nuwamba 2002 aka sāke kashe kimanin mutum 250. Daga nan gari ya rabu biyu. Krista suka yi ta ƙetare gada zuwa Sabon Tasha da Narayi da Romi da Gonin Gora, Musulmi kuma suka yi ta komawa Tudun Wada da Rigasa da Kawo. Cikin shekarar 2002 ɗin nan kuma masaƙa ta fari ta rufe, ma'aikata da dama suka mutu suna jiran hakkinsu. Ran 5 ga Yuli 2021 'yan bindiga suka kwashe yara 121 daga makarantar Bethel ta Baptis a kan hanyar Kaciya, na ƙarshensu bai komo gida ba sai bayan shekara biyu.

Saboda haka in muka yi zancen baƙin ciki, ba labarin nesa mu ke yi ba. Littafi Mai Tsarki ya nuna mana mutum biyu daga gari ɗaya, watau Baitalami, dukansu an yi musu rashi, dukansu sun ji ɗaci. Ɗaya ta ƙare da jariri a ƙirjinta, ɗaya ya ƙare da takobi a wurin bagade. Bari mu ga abin da ya raba su.

1. ABIN DA YA SAMI NA'OMI

A zamanin mahukunta aka yi yunwa a ƙasar Yahuza. Ma'anar Baitalami gidan abinci ne, amma gidan abinci ya rasa abinci. Sai Elimelek ya ɗauki matarsa Na'omi da 'ya'yansu biyu, Malon da Kiliyon, suka tafi Mowab, a hayin gabas na Tekun Gishiri. Ba nisa ƙwarai ba ne, daga tuddan Yahuza a kan hango duwatsun Mowab. Amma tsakanin mutanen nan biyu akwai tsohuwar gaba. Eglon, Sarkin Mowab, ya taɓa mallakar Isra'ila shekara 18 (Mahukunta 3:14), Shari'a kuma ta hana Bamowabe shiga taron jama'ar Ubangiji (Maimaitawar Shari'a 23:3).

A can Elimelek ya mutu. 'Ya'yan suka auri matan ƙasar, Orfa da Rut. Bayan wajen shekara 10 su ma suka mutu, ba wanda ya bar ɗa. Aya biyar kaɗai mai littafin ya ɓatar wajen ba da wannan labari duka. Na'omi ta tsaya da kabari uku a baƙuwar ƙasa, ga tsufa, ba gona, ba namijin da zai tsaya mata.

Da ta ji Ubangiji ya ba mutanensa abinci, sai ta kama hanyar gida. Sa'ad da ta shiga Baitalami gari ya ruɗe, mata suna tambayar juna ko ita ce kuwa. Sai ta hana su kiranta da sunanta. Na'omi ma'anarsa mai daɗi, ita kuwa ta ce Mara ya kamace ta, watau mai ɗaci. Ta faɗa musu a fili cewa Allah ne ya ɗaɗɗaɗa mata rai, shi ne ya fitar da ita a wadace ya komo da ita ba kome, shi ne kuma ya tsaya kamar mai ba da shaida a kanta. Tun a hanya ma ta riga ta gaya wa surukanta hannun Ubangiji ne ya ke gāba da ita (1:13).

Maganar nan tana da nauyi. In wata ta tashi ta faɗi irinta a taron zumuntar mata, da yawa za su sunkuyar da kai, wata kuwa za ta ja mata zane ta ce, "Mama, yi haƙuri, kada ki yi saɓo."

2. NA'OMI TA YI SAƁO NE?

Masu fassara sun rabu a kan wannan. Waɗansu malaman Yahudawa na dā sun ce horo ne ya sami gidan, domin Elimelek ya bar ƙasar alkawari a lokacin wahala. Waɗansu masu wa'azi kuma su kan mai da Na'omi misalin mai bi wanda ya ja da baya. Amma sai mu lura, littafin da kansa bai faɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Bai gaya mana dalilin mutuwar mutanen nan uku ba, bai kuwa tsauta wa Na'omi ko sau ɗaya ba. Inda Littafi ya yi shiru, bai kamata mu cika wurin da zatonmu ba.

Akwai abu uku da za mu gani cikin maganarta.

Na fari, ba ta bar Allah ba. Cikin aya biyu kaɗai, watau 1:20 da 21, ta ambace shi sau huɗu, sau biyu da sunan Ubangiji, sau biyu da sunan Mai Iko Dukka. Shekara 10 ta yi a ƙasar da a ke bauta wa Kemosh, amma ba ta kai kukanta wurin Kemosh ba, ba ta kuwa ce ƙaddara ce kawai wadda ba ta da mai ita ba. Mutum ba ya ƙara a gaban sarkin da bai yarda da sarautarsa ba. Wanda ya ke ce wa Allah, "Don me ka yi mini haka?" yana shaida cewa Allah yana nan, yana da iko, ya kuma kamata ya ji.

Na biyu, ba ta juyar da ɗacinta a kan mutane ba. Mu yi tunani. Ga surukai biyu baƙi, shekara da shekaru ba haihuwa, mazansu duka biyu sun mutu. Da a waɗansu gidajenmu ne, da an ce mayu ne, an kore su da 'yan tsummokinsu. Na'omi kuwa ta sumbace su, ta yaba alherin da suka yi wa matattu da ita kanta, ta roƙi Ubangiji ya ba kowacce hutawa a gidan wani miji (1:8-9). Matar da ta ce hannun Allah yana gāba da ita, ita ce ta ke roƙon albarkar Allah ɗin nan a kan 'ya'yan Mowab.

Na uku, ƙafafunta suna tafiya gida. Bakinta yana ƙara, amma fuskarta tana wajen ƙasar da a ke kiran sunan Ubangiji.

Ba ita kaɗai ta yi irin wannan magana ba. Hannatu ta yi addu'a a Shilo da ɗacin rai har Eli firist ya zaci buguwa ta yi (1 Sama'ila 1:10-16). Ayuba ya ce ba zai kame bakinsa ba, a ƙarshe kuwa abokansa masu kāre Allah ne aka tsauta wa, aka ce Ayuba ne ya faɗi gaskiya a kan Allah (Ayuba 7:11, 42:7). Cikin Zabura 150, kimanin kashi ɗaya cikin uku kuka ne da ƙara. Zabura 88 ta soma da kuka ta ƙare da duhu, ba ayar yabo a ƙarshenta, duk da haka Ruhu Mai Tsarki ya bar ta cikin littafin waƙoƙin jama'ar Allah. Akwai kuma littafi guda mai suna Makoki. Manzo Bulus bai hana Tasalonikawa baƙin ciki ba, abin da ya hana shi ne baƙin ciki irin na marasa bege (1 Tasalonikawa 4:13).

To, ga amsar tambayarmu ta fari. Mai bi wanda ya kai ɗacin ransa gaban Allah bai fāɗi ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Allah ya riga ya san abin da ke ciki, ya fi so mu faɗa masa da mu rufe shi da murmushin ƙarya.

3. WADDA NA'OMI BA TA ƘIDAYA BA

Amma ba dukan abin da Na'omi ta faɗa ne daidai ba. Ta ce ta komo ba kome, alhali kuwa Rut tana tsaye kusa da ita. Yarinyar nan ta bar uwa da uba da ƙasa, ta rantse da sunan Ubangiji ba abin da zai raba su sai mutuwa. Da Na'omi ta ji rantsuwar, ba a rubuta ta yi godiya ba, shiru kawai ta yi (1:18). Haka baƙin ciki ya ke, ya kan rufe ido. Mutum ya kan ƙidaya abin da ya rasa daidai wa daida, ya manta da abin da ya rage masa.

Allah bai yi gardama da ita ba, bai kuwa aiko mata da annabi ba. Ayar ƙarshe ta sura 1 ta ce lokacin da suka iso an soma girbin sha'ir. Rut ta fita kala, ta fāɗa a gonar Bo'aza, ta komo da yamma da hatsi wanda ya fi cikin garwa guda, da sauran abincin da ta rage. A nan ne bakin Na'omi ya soma sākewa, ta sa albarka, ta ce alheri bai rabu da masu rai da matattu ba (2:20). Daga baya Bo'aza ya auna wa Rut awo shida na sha'ir, domin kada ta koma wurin surukarta hannu wofi (3:17). Cikin Ibrananci kalmar nan ita ce ainihin wadda Na'omi ta faɗa ran da ta shiga gari. Allah ya ji kalmar, ya amsa ta da hatsi a cikin mayafi.

Mu lura kuma ta hannun wa amsar ta zo. Mai littafin ya yi ta maimaita cewa Rut Bamowabiya ce, domin kada mu manta. Taimako ya fito daga hayin da Ba'isra'ile ba ya sa zuciya. Wannan ya shafe mu. Cikin kowane faɗan da aka yi a Kaduna an sami Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Krista a ɗakunansu, an kuma sami Krista da suka ɓoye Musulmi. In muna ba 'ya'yanmu labarin wanda ya ƙone gidanmu, ba mu ba su labarin wanda ya buɗe mana ƙofa ba, mun yi irin ƙidayar Na'omi.

4. YOWAB, DA ƊACIN DA YA YI SAIWA

Yanzu mu duba na biyun. Yowab ɗan Zeruya ne, 'yar'uwar Dawuda (1 Tarihi 2:16), shi ne kuma shugaban yaƙin Dawuda. Bayan mutuwar Saul aka yi yaƙin basasa tsakanin gidan Saul da gidan Dawuda. A tafkin Gibeyon mutanen Abner, shugaban yaƙin gidan Saul, suka sha kashi. Asahel ƙanen Yowab, mai saurin gudu, ya bi Abner. Sau biyu Abner ya gargaɗe shi ya rabu da shi, har ya ce ba zai iya duban fuskar Yowab ba in ya kashe shi. Asahel ya ƙi. Abner ya soke shi a ciki da gindin māshi, ya mutu nan take.

Da rana ta fāɗi Abner ya yi kira daga kan tudu, ya tambayi Yowab ko takobi ba zai ƙoshi ba, ya tuna masa ƙarshen abin nan ɗaci ne (2:26). Yowab ya busa ƙaho, aka daina faɗa. Da aka ƙidaya, gefen Dawuda sun rasa mutum 20 har da Asahel, gefen Abner sun rasa 360. Watau mutum 18 a kan kowane ɗaya. Aka binne Asahel a kabarin ubansa a Baitalami.

Cikin labarin duka ba mu karanta kukan Yowab ba, ba mu karanta addu'arsa a kan ƙanensa ba. Ya yi shiru, ya koma bakin aiki. Da a cikinmu ya ke, da mun yabe shi mun ce namijin duniya ne, mai haƙuri.

Da aka daɗe, Abner ya zo Hebron da mutum 20 domin ya yi sulhu, ya kawo dukan Isra'ila ga Dawuda. Dawuda ya yi masa biki ya sallame shi. Sau uku Littafi ya nanata cewa Abner ya tafi lafiya (3:21-23). Yowab ya aika a asirce aka komo da shi, ya ja shi gefe a ƙofar gari kamar mai son yin magana a keɓe, ya soke shi a ciki, daidai inda aka soki Asahel. Hebron kuwa ɗaya ne daga cikin biranen mafaka (Joshuwa 20:7), inda aka shirya domin kada mai ramuwa ya zubar da jini ba tare da shari'a ba. Mutum 360 ba su ishe shi ba. Sulhun ƙasa duka bai kai masa jinin ƙanensa ba.

Abin bai tsaya nan ba. Hannun da ya koyi wannan ya sāke yi wa Amasa, yana gaishe shi kamar ɗan'uwa yana soka masa takobi (2 Sama'ila 20:9-10). Da Dawuda zai mutu ya ce Yowab ya zubar da jinin yaƙi a kwanakin salama. A zamanin Sulemanu aka kashe Yowab yana riƙe da ƙahonin bagade (1 Sarakuna 2:5, 28-34).

Wannan shi ne ɗacin da Ibraniyawa 12:15 ta gargaɗe mu a kansa, ta kwatanta shi da saiwa wadda ta kan tsiro ta ɓata mutane da yawa. Manomanmu sun san ƙuduji, wanda a ke kira wuta-wuta. Irinsa ƙanƙane ne kamar ƙura, ya kan kuwa yi shekaru cikin ƙasa bai mutu ba. In ya tsiro ya kan kama saiwar dawa a ƙarƙashin ƙasa yana tsotsa, mai gona bai gani ba. Kafin furensa ya fito, dawa ta riga ta ƙanjame. Haka riƙo ya ke a zuciya.

Ga bambancin mutanen nan biyu. Na'omi ta kai ɗacinta sama, ta faɗe shi da ƙarfi, ta sa wa mutane albarka. Yowab ya binne nasa a ciki, bai faɗa wa Allah ba, ya zuba shi a kan mutum. Sau da yawa mu kan ji tsoron irin na Na'omi domin yana da ƙara, mu ƙyale irin na Yowab domin ba ya motsi. Littafi Mai Tsarki kuwa na Yowab ya hukunta.

5. MU FA, A KUDU DA KOGI?

Mun ga hanyar Yowab a garin nan. Ran Lahadi 17 ga Yuni 2012 aka ta da bam a majami'u biyu a Zariya da ɗaya a Tirkaniya, cikin Kaduna. Boko Haram suka ce su suka yi. A ranar nan waɗansu matasa suka tare hanyar Abuja a Gonin Gora, suka fitar da matafiya Musulmi daga motoci suka kashe. Matafiyan nan ba su suka sa bam ba. Su ma suna da uwaye waɗanda suka zama Mara a daren nan. Ba daidai ba ne mu ba da labarin safiyar ranar, mu ɓoye abin da ya biyo baya.

Mun kuma ga wata hanya. Cikin 1992, sa'ad da faɗan Zangon Kataf ya yaɗu zuwa Kaduna, James Wuye yana shugabancin matasan Krista, Muhammad Ashafa kuwa na Musulmi. Wuye ya rasa hannunsa na dama. Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Cikin 1995 aka haɗa su, suka soma aikin sulhu tare. Fasto Wuye ya sha faɗa a bainar jama'a cewa shekaru bayan sun soma aikin yana nan da nufin ramuwa a ransa, sai da wani mai wa'azi ya gaya masa ba shi yiwuwa ya yi shelar Kristi ga mutanen da ya ke ƙi. Su biyu suna cikin waɗanda suka yi ƙoƙari har shugabannin addini 22 suka sa hannu a takardar zaman lafiya ta Kaduna ran 22 ga Agusta 2002. Wata uku bayan haka faɗa ya sāke tashi. Wannan ya koya mana takarda ba ta tumɓuke saiwa, sai kowace zuciya ta yi nata aiki a gaban Allah. Hannun Wuye bai komo ba, amma ya fitar da abin da ke ransa a fili, ƙudujin bai ci shi ba.

To, me za mu yi a ekklesiyoyinmu?

Kada mu yi saurin rufe bakin mai makoki. Gaisuwar "yaya haƙuri" tana da kyau, amma haƙuri ba shi ne haɗiye kuka ba. Abokan Ayuba sun zauna tare da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba (Ayuba 2:13), kuskurensu ya soma ne sa'ad da suka buɗe baki. In mun je zaman makoki, mu karanta Zabura 13 ko 42 ko 88, mu bar mai rashi ya ji cewa akwai kalmomi dominsa cikin Littafin Allah. Ubangijinmu ya san zai ta da Li'azaru, duk da haka ya zubar da hawaye a wurin kabarinsa (Yohanna 11).

Kada mu ce mun san dalilin masifar wani. Da aka ba Yesu labarin Galilawan da Bilatus ya kashe, ya ƙara da na mutum 18 da hasumiya ta fāɗa wa a Siluwam, ya ce ba su fi sauran mutane zunubi ba (Luka 13:1-5). Wanda ya ce wa gwauruwa rashin addu'arta ne ya jawo, ko ya nuna mata wata tsohuwa ya ce ita ta ci mijin, ya ƙara mata kabari a kan kabari.

Mu nemi hakki ta ƙofar gaskiya. Gafara ba ta hana shari'a. Mutane kaɗan ne ƙwarai aka hukunta saboda kashe-kashen garin nan, wannan kuwa yana cikin abin da ke ciyar da ɗaci. Yesu ya yabi gwauruwar da ta dami alƙali har ya bi mata hakkinta (Luka 18:1-8). A ƙofar gari Yowab ya yi kisa a ɓoye, a ƙofar gari kuma Bo'aza ya zaunar da dattawa 10 ya fanshi gādon Na'omi a gaban shaidu (Rut 4:1-10). Ramuwa ta Allah ce, takobin hukunci kuwa an ba mahukunta ne, ba a ba matasan unguwa ba (Romawa 12:19, 13:4).

Mu lura da abin da mu ke shukawa cikin yara. Waɗanda aka haifa a shekarar 2000 yanzu manya ne, waɗansu har da 'ya'yansu. Da yawa ba su taɓa zama aji ɗaya ko cin tuwo kwano ɗaya da yaron hayin arewa ba. Abin da suka sani game da mutanen can, daga bakinmu suka ji shi. Mu gaya musu gaskiyar abin da ya faru, gama ɓoyewa ba magani ba ne, amma mu gaya musu duka.

Mu zama Bo'aza ga wani. Ta'aziyyar Na'omi da hatsi ta soma. Mudun masara, kuɗin makarantar maraya, kuɗin haya, rakiya zuwa asibiti, waɗannan su ne kalar da Allah ya umarta a bar wa gwauraye da marayu da baƙi (Maimaitawar Shari'a 24:19). Bayan wata uku, sa'ad da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, a lokacin ne a ke bukatar zumuntar mata da dattawa ƙwarai.

6. ƘARSHEN NA'OMI

Rut ta haifi Obida. Matan da Na'omi ta ce su kira ta Mara, su ne suka zo suna yabon Ubangiji, suna gaya mata surukarta ta fi mata 'ya'ya maza bakwai (4:15). Amma kada mu mai da labarin tatsuniya. Kaburburan nan uku suna nan a Mowab, Elimelek da Malon da Kiliyon ba su komo ba, ba a kuwa taɓa gaya wa Na'omi dalili ba. Allah bai share abin da ya faru ba, ya ba ta rai da za ta ci gaba da shi. Ko da ya ke ta roƙa a sāke mata suna, daga farkon littafin har ƙarshensa ba wanda ya kira ta Mara. Sunan da baƙin ciki ya ba ta bai zauna ba.

Obida ya haifi Yesse, Yesse ya haifi Dawuda, daga zuriyar nan kuma aka haifi Yesu Kristi a Baitalami (Matiyu 1:5-16). A kan gicciye ya ta da murya da kalmomin farko na Zabura 22, yana tambayar Allah dalilin da ya yashe shi. A kan gicciyen nan kuma ya roƙa wa masu kashe shi gafara (Markus 15:34, Luka 23:34). Kukansa ya kai wa Uba, gafara ya ba mutane. Wanda ya yi wannan ya san ɗacin ranka, ɗan'uwa, ya san naki, 'yar'uwa. Ku kai masa shi yadda ya ke, yau, tun bai yi saiwa ba.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Waɗanne abubuwa cikin Rut sura 1 suka nuna Na'omi ba ta rabu da bangaskiya ba?
2. Me ya sa Na'omi ba ta ƙidaya Rut ba? Wa Allah ya tsayar kusa da kai wanda ba ka ƙidaya ba?
3. Yaya za a gane bambancin haƙuri na gaskiya da shirun Yowab?
4. Wane labari 'ya'yanmu su ke ji a gida game da mutanen hayin kogi?
5. Gwauraye da marayu nawa ke cikin ekklesiyarku? Wa ya ziyarce su a watan da ya wuce?

ADDU'A

Ya Ubangiji Mai Iko Dukka, kai da ka ji Na'omi ba ka kore ta ba, ka ji mu. Ka san kaburburanmu, ka san gidajen da muka bari. Ka ba mu bakin da zai faɗa maka gaskiya, ka tsare hannuwanmu daga jinin mutum. Ka tumɓuke kowace saiwar riƙo daga zukatanmu da na 'ya'yanmu. Ka ta'azantar da masu makoki a hayin nan da wancan, ka ba Kaduna salama. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.